Mutum na Uku a Ɗakin Jan Biro

Tawada, mai tuƙa injin buga jarida, shi ya fara ganin gawar. Ya zo da safe kamar kullum, ya buɗe babbar ƙofa, sai ya hangi ƙofar ɗakin gyara a wangale. Ya leƙa. Ihun da ya kurma sai da makanikan layin gaba suka watsar da sifanoninsu suka yo gudu.

Dattijon da ke kwance a ƙasa, kowa a gidan jaridar yana ce masa Jan Biro, domin tun yana saurayi aikinsa ke nan, bin rubutun mutane da jan biro yana gyarawa. An fasa masa kai ta ƙeya. An kakkarya yatsun hannunsa na dama, sun kumbura sun karkace, sannan aka soka masa bironsa a bayan hannun har ya ɓullo ta tafi. Tebur a kife, takardu ko'ina, gwangwanin jar tawada ya fashe ya gauraya da jini har ido ba ya iya raba su. Amma duk da wannan ta'asa, an miƙar da shi sambal, an rufe masa idanu, an ninke rigarsa ta sama an sa masa a ƙarƙashin kai.

Kafin 'yan sanda su iso, layin ya cika maƙil. Ba wanda ya tsaya tambayar dalili. Tun da gwamnati ta kafa hukumar lasisin 'yan jarida, doka ta ce babu labarin da zai fita sai da sunan mai lasisi a ƙarƙashinsa, kuma hukumar ce ke zaɓen wanda za ta ba da wanda za ta ƙwace wa. A gidan nan an ƙwace na kusan kowa. Na Jan Biro ne ya rage, don an ɗauka mai gyaran waƙafi da aya ba shi da haɗari. Sai ga shi rahotannin da suka tona yadda aka harbe mutane ranar rusau a unguwar bakin kogi suna fitowa mako-mako da sunansa.

"Gwamnati ce!" in ji wani makanike.

"Yi a hankali, kai," in ji na kusa da shi. "Ka san wanda ke tsaye a bayanka?"

Kowa ya waiwaya ya dubi na bayansa.

Sufeton da aka ba binciken ya shiga ɗakin, ya fito yana goge wuya da hankici, ya ce a ɗauko masa Gandu.

*

Gandu ya ƙare ƙuruciyarsa yana aikin gadin gandun daji, yana bin sawun masu kashe namun dawa, daga nan sunan ya bi shi. Bayan ya yi ritaya 'yan sanda kan neme shi in ƙasa na da abin faɗa. Dogo ne siriri, kansa kullum a sunkuye, har matarsa kan ce ta fi sanin tsakiyar kansa da fuskarsa.

Gaban gidan an riga an tattake shi. Ya zaga ta lungun gefe, inda ruwan saman jiya da rana ya bar taɓo, ya tsaya.

"Mutum guda, ya shigo ta nan ya fita ta nan," ya ce wa Sufeto. "Yana ɗingisa ƙafar hagu, yana dogara sanda mai roba a gindi."

Da ƙarfi ya faɗa, irin yadda ya saba a daji inda ba mai ji sai itatuwa. Wani a bakin lungun ya ji.

"Hatimi ne! Wallahi Hatimi ne!"

Hatimi shi ne jami'in hukumar da ke yawo gidajen jaridu yana duba lasisi, da sandarsa da jakar hatiminsa. Kafin Sufeto ya ce wani abu, rabin taron ya kwasa a guje.

Gandu bai ɗago ba. Ya durƙusa ya kusanto da fuskarsa. Cikin kowane sawu akwai ƙananan ramuka, inda ɗigon ruwa ya faɗa a kai. Mai sandar ya zo ya tafi tun ruwa bai ɗauke ba. Ya miƙe ya ƙarasa bayan gidan, wajen wata ƙaramar ƙofar langa-langa, a nan ya tarar da abin da ya kamata ya fara gani: sawu uku, garau, ba ɗigon da ya taɓa su. Biyu manyan takalman but ne masu haƙora. Na ukun takalmin fata ne irin na ofis, kuma shi ne a gaba, don na but ɗin sun hau kansa.

"Sufeto, tura yaranka su bi mutanen can. Na yi saurin baki. Ba shi ba ne."

Ba a cim musu da wuri ba. Sun tare Hatimi a bakin titi yana jiran mota, suka fizge sandarsa suka rufe shi da ita har ta karye, wani ya ɗauki bulo ya sauke masa a kafaɗa. Da 'yan sanda suka harba bindiga sama aka watse, an bar shi cikin kwata, bakinsa cike da jini da gutsattsarin haƙora.

*

A asibiti Gandu ya same shi, an ɗaure masa kafaɗa, leɓensa ya kumbura kamar zai tsage.

"Ni na jawo maka wannan," Gandu ya ce. "Ka yi haƙuri."

"Da kai da babu kai, ran nan na zuwa," Hatimi ya ce, maganar na fita da ƙyar. "Ni ake gani da jaka. Ba a ganin masu aiko ni."

"Me ya kai ka wurinsa jiya?"

Hatimi ya dubi ƙofa, ya dubi labulen gadon kusa.

"Ajinmu ɗaya da shi a makaranta. Na je na ce masa ya bar garin. A ofis na ji ana cewa an gaji da aika takardar gargaɗi, an miƙa maganarsa ga mutanen bene na sama. Su ba su da hatimi, Malam. Ba sa ma sa hannu a komai."

"Me ya ce?"

"Ya ce in cire takalmi kafin in taka masa takardu." Ya so ya yi dariya, zafi ya hana shi. "Mutum na gaya masa za a kashe shi, shi takalmi ya dame shi. Na tsaya daga bakin ƙofa na faɗi abin da na zo faɗa. Kuma kowa ya san ba shi ke rubuta rahotannin nan ba. Tsohon da bai taɓa taka unguwar bakin kogi ba? Sunan mai rubutun suke so."

"Kai ka san shi?"

"Ban sani ba, kuma kar ka gaya mini in ka gano."

*

Da ya koma caji ofis, tun daga baranda ya ji ƙarar duka. An rataye Tawada da ankwa a jikin ƙarfen taga, yatsun ƙafarsa ne kawai ke taɓa ƙasa, wani kurtu na zabga masa wayar lantarki a haƙarƙari. Bayansa ya farfashe.

"Shi ya fara ganin gawa, shi ke da makulli," Sufeto ya ce. "An sami ƙarfen juya inji da jini a jiki, nasa ne. Kuma an ji shi yana ce wa tsohon sai an kashe shi."

"Na faɗa!" Tawada ya yi kuka. "Na ce Baba ka daina sa sunanka, za su kashe ka su kashe mu! Gargaɗi ne, yallaɓai, gargaɗi!"

Gandu ya tsugunna ya ɗaga ƙafar Tawada ɗaya ya duba, ya sauke.

"Wannan silifa yake sawa tun da aka haife shi. Dubi faɗin yatsunsa. Ba zai shiga takalmin da na gani ba ko da man shafawa. Mutum uku ne, Sufeto, ta ƙofar baya."

Sufeto ya ja shi gefe, ya rage murya.

"Baba Gandu, an kira ni daga sama tun kafin in ga gawar. An ce rikicin cikin gida ne, a nemo shi a cikin gida. Ina da 'ya'ya. Ka kawo mini wani na cikin gida in ba wannan ba, in ba haka ba shi zan rubuta."

"To sauke shi tukuna. Ka ba ni zuwa gobe."

Aka kwance Tawada, ya zube kamar tsumma.

*

Gidan mamacin ɗan ƙarami ne, tsakar gida cike da mata. 'Yarsa guda, wadda ake kira Auta duk da ba ta da yayye, ta ja Gandu zuwa ɗakin mahaifinta ta rufe ƙofa. Ba ta kuka. Idanunta sun bushe sun yi ja.

"Baba, an ce kai ke bin sawun. To ba sai ka wahala ba wajen neman dalili. Ni nake rubuta su."

"Wa ya sani?"

"Ni da shi, da Edita, da mijina. Sau biyu ina neman lasisi suna hana ni, saboda wata tambaya da na yi wa minista a taron manema labarai. Na ce zan bar aikin. Shi ya ce in rubuta, ya sa sunansa. Ya ce shi ya gama cin duniyarsa, ba abin da za su ƙwace masa sai tabarau." Ta dube shi. "An ce sun karya masa yatsu."

"Duka biyar."

"Ke nan sun tambaye shi sau biyar bai faɗa ba."

Aka turo ƙofa. Wani mutum mai tsabta ya shigo, ya rusuna ya gaida Gandu hannu bibbiyu. Shi ne mijin Auta, sakataren ƙungiyar 'yan jarida, kowa Sakatare yake ce masa. Idanunsa sun kumbura don kuka fiye da na matarsa.

"Baba, sannu da ƙoƙari. Ƙungiya za ta fitar da sanarwa mai zafi. Ba za mu yi shiru ba."

"Jiya da rana kana ina, ɗana?"

"Ina ofishin ƙungiya har yamma. Ni kaɗai, ranar hutu ce."

"Ka yi ɓarin kananzir ne?"

Sakatare ya shinshina hannun rigarsa. "Janareta na taɓa. Ya ƙi tashi."

Gandu ya dubi ƙafafunsa, kamar yadda yake duban na kowa. Sabon kambas ne da safa mai kauri. Rana kuwa ta take, har bango na huci.

Daga nan ya je wurin Edita, wata mace mai furfura da ta yi shekaru tana shiga kotu saboda jaridarta. Ita ma ya dubi ƙafarta, ta lura.

"Duba da kyau, Malam. Ni ma ina cikin waɗanda suka kashe shi, ni na yarda aka sa sunansa. Amma ban kawo kowa ba."

"Ƙofar baya, wa ya iya buɗe ta?"

"Duk ɗan gida. Sakatarta ta lalace, sai ka ɗaga ƙofar da gwiwa sannan ka zura yatsa. Baƙo zai yini bai buɗe ba."

*

Da la'asar ya koma bayan gidan jaridar shi kaɗai. Ya bi but ɗin biyu har inda suka shiga mota. Tayar baya ta dama tana da faci mai kama da ƙugiya. Ya bi ƙugiyar nan ta gefen kwalta inda yashi ya taru, ta ɓace masa a mararraba, ya same ta a gaban wani gidan mai, ta sake ɓacewa, ya sake samunta. Inda ta ƙare, wata baƙar ƙofar ƙarfe ce a bayan ginin hukumar lasisi, ba allo, ba lamba, sai mai gadi da bindiga a cinya. Gandu ya wuce kamar mai neman akuyarsa.

Mai takalmin ofis bai shiga motar ba lokacin tafiya. Sawunsa ya fito daga baya, shi kaɗai, yana tangaɗi, kuma a gindin katanga ya tsaya ya yi amai.

Gandu ya koma ciki. Ɗakin gyara yana da ƙofa ta biyu mai fita tsakar gidan baya, kuma a ƙarƙashin indararo akwai ɗan siririn wuri mai laushin ƙasa. But biyu sun taka sun shige kai tsaye. Takalmin ofis kuwa ya tsaya, ƙafa biyu a jere, daidai wa daida, ba zurfi sosai, irin na takalmin da aka ajiye ba mutum a ciki.

Ya daɗe a tsugune a wurin. Sannan ya shiga, ya ɗaga kifaffen teburin a hankali ya jingine shi. An goge daɓen da tsumma nan da can, amma mai gogewar bai ɗaga teburin ba.

Ya aika wa Sufeto cewa gobe da hantsi a tara masa kowa a ɗakin.

*

An ɗauke gawar, amma ƙarnin bai tafi ba. Edita na tsaye jikin bango. An kawo Tawada da ankwa, yana tafiya a duƙe. Hatimi ya matsa sai da aka ɗauko shi daga asibiti aka zaunar a kujera. Auta da mijinta suna bakin ƙofa, Sufeto da kurtu biyu a bayansu. Gandu ya rufe wani wuri a ƙasa da faranti.

"Mutum biyu ne suka yi kisan," ya ce. "Baƙi ne, ba sa cikin ɗakin nan. Amma ba su san hanya ba, wani ya kawo su. Shi ya shige gaba, shi ya ɗaga ƙofa da gwiwa. Da ya iso nan, yana tafe da masu kisa a bayansa, sai ya tsaya ya cire takalminsa. Bai yi shawara ba, ƙafarsa ce ta saba. Tsohon ba ya bari a taka masa takardu."

"Duk muna cirewa," Edita ta ce.

"Shi ya sa na tara ku duka. Da aka fara dukan, ya koma can lungu ya juya fuska ga bango. Da suka tafi, ya miƙar da gawar, ya rufe mata ido. Ya taka tawada bai sani ba. Ya goge abin da ya gani, ya je gida ya wanke ƙafa da kananzir, don ruwa ba ya fitar da tawadar inji. Wannan ne bai gani ba."

Ya ɗauke farantin.

Sawun ƙafar dama ne, jawur a kan siminti, kowane layi ya fito kamar an buga shi da inji. Yatsu huɗu ne suka taɓa ƙasa. Tsakanin babban yatsa da na uku akwai giɓi, inda na biyu ya hau kan ɗan'uwansa.

"Yanzu kowa zai cire takalminsa," Gandu ya ce.

"Ba sai an cire ba."

Auta ce. Ta tako har gaban sawun ta tsaya tana kallonsa.

"Na san ƙafar nan. Ni nake yanke mata farce. Ɗana ma irinta ya ɗauko." Ta juya. "Ka ce mini zazzaɓi kake ji, shi ya sa ka kwana da safa."

Sakatare ya dubi ƙofa. Ya ja da baya, ya ci karo da ƙirjin kurtu. Tawada, da ankwarsa da raunukansa, ya yi kukan kura ya faɗa masa, ya sa sarƙar ankwar a maƙogwaronsa suka zube tare. Sai da aka sa gindin bindiga a kan Tawada sau biyu kafin ya saki. Kurtu ya fizge kambas ɗin da safar. Fatar ƙafar ta saluɓe don gurza, amma a gefen kowane farce jan layi na nan.

"Ke na tsare!" Sakatare ya ce, yana tari, jini na bin haɓarsa. "Sun ɗauke ni a hanya, suka rufe mini kai da buhu, suka nuna mini hoton yaronmu a ƙofar makaranta. Suka ce sun san marubucin na gidanmu ne. In na ce ke ce, da yanzu ke aka kwantar a nan! Na ce musu wallahi Baba ne da kansa. Suka ce to in kai su ya faɗa da bakinsa, tsorata shi kawai za su yi. Tsoratarwa suka ce!"

"Da suka fara karya masa yatsu fa?"

"Ya dube ni. Ya girgiza mini kai, kar in yi magana. Wallahi ya girgiza mini kai!"

"Ka juya wa bango fuska," Auta ta ce. "Yaushe ka ga kansa?"

Sakatare ya kifa goshi a ƙasa yana gunji.

Sufeto ya cire ankwar daga hannun Tawada ya mayar hannun Sakatare. Ya dubi Gandu, kamar mai shirin godiya.

"Saura biyu," Gandu ya ce. "Na bi motarsu har ƙofa."

"Ban ji ba," Sufeto ya ce.

A daidai nan aka ji tsayuwar mota a bayan gida. Aka yi ta jijjiga ƙofar langa-langa, ta ƙi buɗuwa, sai aka sa ƙafa aka ɓalle ta. Mutum biyu suka shigo cikin fararen kaya, ɗaya ƙato mai aski ƙwal, ɗaya matsakaici mai murmushi. Suka taka takardun da ke ƙasa suka wuce. Mai murmushin ya nuna wa Sufeto wani kati bai bari ya karanta ba.

"Sannu da aiki, ofisa. Daga nan mu za mu ci gaba. Laifi ne da ya shafi aikin jarida."

Sakatare na ganinsu ya fara ja da gindi yana ihu, yana kiran sunan matarsa, yana kama ƙafar Sufeto. Ƙaton ya taka hannunsa da but har aka ji ƙas, ya ɗaga shi da wuyan riga.

Gandu bai dubi fuskarsu ba ko sau ɗaya. Ƙasa yake kallo. Mai murmushin ya lura, ya tako ya tsaya gabansa.

"Tsoho, me ka yar a ƙasa kake nema?"

"Ba komai, ranka ya daɗe."

"To ɗago."

Ya ɗago. Bai ga tahowar gindin ƙaramar bindigar ba, sai ƙarar fashewar ƙashin kuncinsa da ya ji a cikin kansa. Ya faɗi, aka bi shi da shuri a ciki, ɗaya, biyu, har ya daina ƙirgawa. Yana jin muryar mai murmushin daga nesa tana tambaya, cikin ladabi, ko akwai wani a ɗakin nan da ke da sha'awar rubutu. Edita ta riƙe hannun Auta ta baya ta matse shi har farcenta ya shige.

Kafin su tafi suka sa kurtun Sufeto ya kwara bokitin ruwa da kananzir a kan sawun, ya goge da buhu. Suka fitar da kowa, suka ɗaure ƙofar gidan jaridar da sarƙa.

*

Bayan 'yan kwanaki rediyo ya ba da labari cewa wanda ya kashe dattijon ma'aikacin jarida surukinsa ne, kan rikicin iyali, kuma ya rataye kansa a inda ake tsare da shi bayan ya amsa laifinsa. Da aka ba dangi gawar, waɗanda suka wanke ta sun ce ba su ga alamar igiya a wuya ba, amma babu haƙarƙari guda da ya rage lafiya.

Gandu na kwance a gida, ido ɗaya a rufe, likita ya ce da wuya ya sake gani da shi. Matarsa na shafa masa magani tana faɗa, wai mutum ya tsira daga bindigar maharba da ƙahon ɓauna, ya zo ya ba da idonsa a kan jaridar da ko karanta ta ba ya yi. Sai aka yi sallama.

Auta ce, ta rame, ɗanta a hannu. Ta gaishe su, ta zaunar da yaron a tsakar gida, ta shigo ta durƙusa gefen katifar.

"Baba, na zo ka faɗa mini duk abin da ka gani a ƙasa. Tun daga ƙofar baya har inda motar ta shiga."

"Wa zai buga miki? An rufe gidan."

"Akwai masu injin da ba su da allo a ƙofa. Tawada ya san su."

"Sunan wa za ki sa? Kin ga abin da suna ya jawo."

"Mutum biyu sun mutu don kar a faɗi nawa," ta ce. "Ɗaya da yardarsa, ɗaya ban san yadda zan kira nasa ba. Ban iya yafe masa ba, kuma ban iya daina ganinsa ana jan sa ba. Yaron zan kai wurin gwaggona gobe. Daga nan nawa zan sa."

Ta ciro ƙaramar rikoda daga jaka ta ajiye a kan katifa. Gandu ya dubi matarsa da idon da ya rage masa. Matar ta daɗe tana kallon rikodar, ta ja tsaki, ta rufe kwalbar maganin. Ta tashi ta kulle taga, ta ɗauko rediyo ta ajiye a bakin ƙofa ta ƙure murya. Wani babban jami'i ne ke jawabi, yana cewa sabuwar doka ta tsabtace aikin jarida, yanzu kowane ɗan jarida na barci da ido biyu a rufe.

"To ku yi sauri," ta ce. "Batirin ba shi da ƙarfi."

Ta fita tsakar gida, ta ɗauki yaron ta ɗora a cinya, ta zauna ta jingina bayanta da ƙofar.